Yadda Ake Haɗa Rile da Na'urar Sarrafa Ban Ruwa Don Bawul da Famfo

Na'urar sarrafa ban ruwa ɗan akwati ne da ake kafawa a bango ko a rumfar gona, aikinta ta saki ruwa a kan lokaci, ta kuma tsayar da shi a kan lokaci. Irin na zamani, kamar na kamfanonin Rachio da Hunter da Rain Bird, ko OpenSprinkler wadda tsarinta a buɗe yake ga duk mai son ya ƙera tasa, suna hawa intanet, suna duba hasashen yanayi, wasu har suna karɓar rahoto daga ma'aunin danshin da aka binne a ƙasa, mai lambu kuma yana ba su umarni ta wayar salularsa ko da yana wani gari. Amma duk da wannan basira, ƙarfin wutar da ke fita daga cikinsu kaɗan ne ƙwarai. Yawancinsu 'yar ƙaramar taransifoma ce ke ciyar da su, mai ba da bolt 24, kuma abin da za ta iya ɗauka bai cika wuce amfiya ɗaya ba. Na'urar mai ba da umarni ce, ba 'yar dako ba ce. Duk abin da ya fi ƙarfinta sai an samo mata wanda zai ɗauka a madadinta, wannan shi ne aikin rile.

Idan aka buɗe murfin na'urar, za a ga jerin gurabe masu kusoshi inda ake ɗaure waya. Biyu na taransifoma ne. Akwai mai harafin C, shi ne gurbin tarayya, inda wutar kowane bawul ke komowa. Akwai masu lamba, 1, 2, 3, har zuwa 8 ko 16, kowace lamba tana wakiltar yanki ɗaya na gona. Sai wani mai harafin M, ko MV, ko P, wanda ke samun wuta duk lokacin da aka kunna kowane yanki. An tanade shi domin babban bawul ko domin tayar da famfo. Wutar da ke fita daga waɗannan gurabe wutar AC ce, wato mai kai-komo irin ta layi da ta janareta, ba DC irin ta batir da farantin sola mai bin hanya guda ba. Wannan bambanci zai yi ta dawowa a cikin bayanin nan. Akwai kuma abin lura ga wanda aka yo wa tsarabar na'urar daga Amurka: taransifomar da ke zuwa da ita ta bolt 120 ce, alhali wutar layi a Nijeriya bolt 230 ce, a Nijar kuma 220. Sai an sauya ta da mai karɓar wutar gida ta ba da bolt 24 na AC, in ba haka ba da sa ta a soket za ta ƙone.

Bawul ɗin ban ruwa na yau da kullum ba ya bukatar rile, domin shi aka yi na'urar. A samansa akwai ɗan kwayil mai wayoyi biyu, ɗaya ta tafi gurbin lambar yankinsa, ɗaya ta tafi C, kuma ba ruwansa da wace ce ta dama wace ce ta hagu. Da wuta ta shiga, kwayil ɗin ya zama maganaɗisu, ya ɗaga wani ɗan ƙarfe da ke toshe wata 'yar kafa, ruwan da ke danne faifan roba daga sama ya zurare, sai ƙarfin ruwan da ke cikin bututu ya ture faifan ya wuce. Ruwa ne ke buɗe wa kansa hanya, wuta 'yar sakata kawai take zarewa. Shi ya sa cin wutarsa kaɗan ne: wajen kashi uku zuwa huɗu cikin goma na amfiya a lokacin fizgar farko, sannan ya sauko wajen kashi biyu cikin goma. Bawul biyu ko uku a lokaci guda su ne iyakar abin da taransifomar za ta jure.

Shi kuwa rile makunni ne da wuta ke dannawa a maimakon yatsa. Tsohon abu ne. Ana danganta ƙirƙirarsa ga Ba'amurke Joseph Henry a wajen 1835, kuma a layukan tangaraho ya fara yin suna, inda saƙon da ya raunana saboda nisan tafiya kan iso ya motsa rile, shi kuma ya tura shi gaba da sabon ƙarfi. Sunan ma daga Faransanci ya samo asali, daga dawakin da ake ajiyewa a zango domin matafiyi ya sauya wanda ya gaji. A cikinsa akwai ɗakuna biyu da ba su haɗa hanya ba. Ɗakin farko na kwayil ne, gurabensa sukan ɗauki alamar A1 da A2. Ɗaki na biyu na leɓɓan ƙarfe ne masu haɗuwa da rabuwa, da gurabe uku: COM, wanda wutar kaya ke shiga ta cikinsa, NO, wanda yake a rabe har sai kwayil ya samu wuta, da NC, wanda yake a haɗe har sai kwayil ya samu wuta. Tsakanin ɗakunan biyu ba abin da ke ratsawa sai jan maganaɗisu. Wannan rabuwa ita ce dukan amfanin rile, kuma duk wani haɗi da ya rushe ta, kamar a ɗauko nutural ɗin wutar layi a ɗaura a gurbin C na na'ura wai don a rage waya, ya ɓata aikin tun daga tushe, ya kuma kai bolt 230 inda hannun mutum ke taɓawa cikin laima.

Abu na farko da ake dubawa wajen saye shi ne rubutun da ke jikin kwayil. Dole ya ce bolt 24 AC. Rile mai bolt 24 DC kamarsu ɗaya da mai AC a ido, har soket ɗinsu ɗaya, amma kama da wane ba ta wane. In aka ba kwayil ɗin DC wutar AC, zai yi ta kaɗawa yana ƙugi kamar zuma a cikin gora, leɓɓansa suna haɗuwa suna rabuwa har su cinye. In kuma aka ba kwayil ɗin AC wutar DC mai yawan bolt ɗaya, zai ja fiye da kima ya yi zafi ya ƙone. Haka nan bai kamata a ciyar da na'urar da aka yi don AC da batir ba. Abin da ke kunna yankuna a cikin yawancinsu wani ɗan ƙwayar lantarki ne da ake kira tirayak, wanda ba ya sakin wuta sai ta ratsa sifiri a kai-komonta. Wutar DC ba ta ratsa sifiri, don haka da zarar ya kama ba zai saki ba, bawul ya zauna a buɗe.

Ana sa wa bawul rile a yanayi uku: idan ana so yanki ɗaya ya buɗe bawul da yawa fiye da abin da na'urar za ta ɗauka, idan bawul ɗin na wata wuta ce dabam, kamar bolt 12 na DC ko bolt 230, ko idan mai mota ne. Haɗin kusan iri ɗaya ne. Waya daga gurbin lambar yanki ta tafi A1, waya daga C ta tafi A2. Aikin na'ura ya ƙare a nan. A ɗaya ɓangaren, a kawo wutar da ta dace da bawul ɗin daga tata taransifomar ko batirinta, a bi da ita ta fis, a shigar da ita COM, a fito da ita ta NO zuwa bawul, ɗayar wayar bawul ta koma inda wutar ta fito. NO ake zaɓa, ba NC ba, kuma dalilin mai nauyi ne. Ranar da na'ura ta mutu, ko ɓera ya ci waya, ko aka ɗauke wuta, abin da ake so shi ne ruwa ya tsaya. Fegin tumatir zai iya jure yini guda ba ruwa, amma tankin da ya tsiyaye cikin dare ya bar kwari a jiƙe sharkaf da tudu a bushe, asararsa biyu ce.

A nan akwai matsalar da ta fi shafar lambunan ƙasar Hausa fiye da filayen ciyawar Amurka da aka ƙera waɗannan na'urori dominsu. Can, ruwan famfon gari ne mai ƙarfi ke shiga bawul. Nan kuwa, galibi daga rijiyar burtsatse ake tura ruwa zuwa tanki a kan hasumiya, daga nan ya gangaro da nauyinsa. Tsayin mita 10 na ruwa shi ke ba da matsi na wajen bar ɗaya, kuma yawancin bawul masu faifan roba wajen wannan matsin suke bukata kafin su yi aiki sosai. Tankin da ke kan ƙarfe mai tsayin mita 3 kusan kashi ɗaya cikin uku na haka yake bayarwa. Sai a ji kwayil ya yi ƙas, alamar wuta ta iso, amma ruwa na ɗiga kamar hawaye, ko kuma bawul ya buɗe ya ƙi rufuwa. Mutane da yawa sukan ɗora laifin a kan na'ura ko rile, alhali matsi ne babu. Maganinsa bawul mai mota, wanda ƙaramar mota ke juya ƙwallon da ke cikinsa, ba ya jiran taimakon ruwa.

Irin wannan bawul shi ne inda gurabe ukun rile suke aiki gaba ɗaya. Wani samfurinsa mai wayoyi uku yana da wayar tarayya, da wayar buɗewa, da wayar rufewa. Wuta ta shiga COM, wayar buɗewa ta hau NO, wayar rufewa ta hau NC. Na'ura ta kunna yanki, rile ya karkata, mota ta juya ta buɗe ta tsaya da kanta. Na'ura ta kashe, rile ya koma mazauninsa, mota ta juya baya ta rufe. Sai dai rufewar ma wuta take ci, don haka in wutar motar ta yanke yana buɗe, a buɗe zai kwana. Ko dai a ciyar da shi daga batir, ko a nemi samfurin mai wayoyi biyu da ke ajiye ɗan caji a cikinsa ya rufe kansa in wuta ta tafi. Launin wayoyin ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, takardar da ta zo cikin kwalin ita ce abin bi. Akwai kuma bawul mai kwayil na batir, wanda bugun wuta ɗaya ke buɗewa, bugu ɗaya a juye ke rufewa. Shi nasa na'urar dabam ce, ba a haɗa shi da mai bolt 24 AC.

Batun famfo shi ne mai haɗari, nan ne kuma aka fi yin ganganci. Ƙarfin doki ɗaya wat 746 ne. Samo, wato famfon da ake nutsarwa cikin rijiya, mai doki ɗaya a kan wutar bolt 230 yakan ja wajen amfiya 5 zuwa 7 yana cikin aiki. A daidai lokacin tashi kuwa, kafin motar ta ɗauki gudu, takan fizgi ninki biyar zuwa bakwai na wannan, wato amfiya 30 ko fiye, na ɗan ƙiftawar ido. A kwatanta da na'urar da duk ƙarfinta amfiya ɗaya ne a bolt 24. Gurbin M ba ya kunna famfo. Kwayil ɗin abin da zai kunna famfo kawai yake kunnawa.

Akwai wani ɗan rile shuɗi mai siffar ƙwayar sukari, wanda ake sayarwa a manne da ɗan allo, an rubuta a bayansa amfiya 10, bolt 250 AC. Mai lissafi zai ce famfonsa amfiya 6 yake ci, ga mai ɗaukar 10, har da rara. Wannan lamba ta kayan da ba su da fizga ce, irin hita. Mota dabam take. Duk tashin da za ta yi sai tartsatsi ya tashi tsakanin leɓɓan, duk tsayawar da za ta yi sai wani ya tashi. In aka fasa irin wannan rile bayan ya yi 'yan makonni a kan famfo, za a ga leɓɓan da dā suke sheƙi kamar azurfa sun yi baƙi, sun yi ramuka, robar gefensu ta yi ruwan ƙasa. Ƙarshensa ɗayan biyu ne: ko su daina haɗuwa, ko su narke su manne. Mannewar ta fi muni, domin na'ura za ta nuna a waya cewa an kashe, famfo kuwa yana can yana gudu. Ɗan rile shuɗi yana da amfaninsa, amma ba a ɗora masa famfon rijiya.

Abin da ya dace da famfo shi ne kwantakta, wato babban rile da aka ƙera don mota, mai leɓɓa masu kauri da sifirin mai ƙarfi da ɗakunan kashe tartsatsi. A jikinta akan ga lambobi biyu, ɗaya a gaban AC-1, ɗaya a gaban AC-3. Ta AC-1 ta fi girma, amma ta kaya marasa fizga ce. Ta AC-3 ita ce ta mota, ita ake gwadawa da abin da aka rubuta a farantin famfo, a kuma bar rara. Wuta tana fitowa daga bireka ta shiga guraben sama, L1 da L2 da L3, ta fita ta na ƙasa, T1 da T2 da T3, zuwa famfo. A famfo mai fes ɗaya gara a yanke layif da nutural duka biyu. In samo ɗin mai akwatin kafasita ne, kwantakta tana zama kafin akwatin, ba tsakaninsa da rijiya ba. A mai fes uku, in aka ga ruwa ya yi rauni bayan haɗi, mai yiwuwa motar baya take juyawa. Musanya kowaɗanne wayoyi biyu cikin ukun zai daidaita ta. Wayar ƙasa kuwa ba ta bi ta kowane makunni, kai tsaye take tafiya jikin famfo.

Kamfanonin ban ruwa suna sayar da rile na musamman na tayar da famfo, a cikin akwatinsa, mai kwayil ɗin da aka auna daidai ƙarfin na'ura. Inda babu shi, abin da ke kasuwa kwantaktar masana'antu ce, kuma ko an samu mai kwayil na bolt 24 AC, akwai tarko. Kwayil ɗin irin waɗannan yakan fizgi kusan amfiya 3 a lokacin kamawa, ninki uku na abin da taransifomar na'ura ke iyawa. Hanyar da ta fi aminci hawa biyu ce. Gurbin M da C su kunna ƙaramin rile mai bolt 24 AC. Leɓɓan ƙaramin rile su kai bolt 230 zuwa A1 na kwantakta mai kwayil na bolt 230, A2 ya koma nutural. Kwantakta ta kunna famfo. Na'ura ta aiki yaro, yaro ya taso ƙato. Ƙarin kuɗin bai taka kara ya karya ba in aka gwada da kuɗin sabuwar na'ura.

Wannan siririyar hanya da ke kai wuta ga kwayil ita ce wurin da ake jera masu gadi, domin duk wanda ya yanke ta ya tsayar da famfo ba tare da ya taɓa babbar wuta ba. Na farko shi ne abin kariyar lodi, wanda ake maƙalawa a ƙarƙashin kwantakta, a juya ɗan maɓallinsa zuwa amfiyar da ke rubuce a jikin famfo. In yashi ya riƙe famfo ya fara jan wuta fiye da kima, ƙarfen cikinsa ya yi zafi ya lanƙwashe, ya raba gurabe masu lamba 95 da 96, waɗanda aka ratsa da wayar kwayil ta cikinsu. Bireka ba ta maye gurbinsa. Ita waya take karewa daga gobara, shi kuma mota yake karewa. Na biyu shi ne makunni mai iyo. Ɗaya a tankin sama ya yanke in ya cika, ɗaya a rijiya ko tafkin da ake ja ya yanke in ruwa ya yi ƙasa. Famfon da ke gudu ba ruwa ba ya daɗewa, domin ruwan da yake turawa shi ne ke sanyaya shi, kuma a watannin Maris da Afrilu, lokacin da rijiyoyi ke ja baya, wannan ba abin mamaki ba ne. Ya fi kyau a sa makunni mai iyo a ɓangaren bolt 24, don kada a zura bolt 230 cikin tankin da yara ke ɗiban ruwa.

Akwai kuma tsarin wane ne zai riga wane. Famfon da ke turi alhali duk bawul a rufe suke yana dama ruwa ɗaya a cikinsa har ya yi zafi, robobinsa su lalace, bututun roba ya yi laushi ya kumbura ko ya fita daga mahaɗinsa. Bawul ɗin da ya rufe farat ɗaya famfo na tsakiyar gudu kuma yakan sa ruwa ya doki bututu da ƙarar da ake ji kamar an buga guduma. Ƙa'idar ita ce bawul ya fara buɗewa kafin famfo ya tashi, famfo ya fara tsayawa kafin bawul ya rufe. Na'urori da yawa suna da wurin saita jinkirin 'yan daƙiƙoƙi don haka, kuma jinkirin ya zama wajibi ga bawul mai mota, wanda kan ɗauki daƙiƙa da dama kafin ya gama juyawa. Bawul ɗin rage matsi a bakin famfo, mai mayar da ruwa tanki in hanya ta toshe, kariya ce da ba ta dogara da wuta ba.

Famfon sola nasa hukuncin dabam ne. Ɗan rile shuɗin nan da aka rubuta wa bolt 250 AC, a layin ƙasa an rubuta bolt 30 kacal na DC. Dalili shi ne wutar layi tana ratsa sifiri sau 100 a kowace daƙiƙa, tartsatsi ya mutu da kansa, ta DC kuwa ba ta da wannan hutu, in ta kama sai ta yi ta ci kamar walda. Farantan sola da aka jera suna iya kai ɗaruruwan bolt. Saboda haka ba a yanka wayar faranti da rile, ba a kuma yanka tsakanin inbata da famfo yana gudu. Kusan kowace inbatar famfo tana da 'yan gurabe biyu na umarni, waɗanda aka tanada don makunni mai iyo ko makunnin nesa. COM da NO, ko COM da NC, gwargwadon yadda littafin inbatar ya nuna, su ake kai wa waɗannan gurabe, ba tare da an sa musu wata wuta ba. Haɗa wayar salula da sola da famfo ba baƙon abu ba ne a Sahel: ɗan Nijar Abdou Maman Kané ya samu babbar kyautar ruwa ta duniya ta Sarki Hassan na Biyu a 2015 saboda tsarinsa na ban ruwa daga nesa ta waya. Injin fetur na fadama kuwa, wanda ake tayarwa da jan igiya, rile zai iya kashe shi ta wayar makunninsa, amma ba zai iya tayar da shi ba sai mai sitata da batir.

Matasa masu ƙera tasu na'urar da allon Arduino ko ESP32 suna da ƙarin mataki. Ƙafar Arduino ba a so a ɗora mata fiye da miliamfiya 20, kwayil ɗin ƙaramin rile mai bolt 5 kuwa wajen 70 yake ja, don haka sai ta hannun taransista, ko allon rile da ya zo da ita. Kwayil ɗin DC in aka yanke masa wuta yakan mayar da bugu mai yawan bolt; dayod irin 1N4007 da aka gitta a kansa, zanen zobenta na fuskantar ɓangaren fositif, ita ke shanye bugun. A kwayil ɗin AC ba a sa dayod. 'Yar kafasita da resisto a jere, ko baristo, su ake gittawa. Allon da ke sake tashi daga farko duk lokacin da famfo ya tsaya, wannan bugun ne ke firgita shi.

Ko na'urar kamfani ba ta son maƙwabtaka da kwantakta. Kamfanin Hunter yana ba da shawarar a bar aƙalla mita 4 da rabi tsakanin na'ura da rilen famfo. Wayar umarni da wayar famfo ba sa kwana a bututu ɗaya. Akwatin ya zama mai rufuwa ruf, a inuwa, wayoyi su shigo ta ƙasa don kada ruwan sama ya bi su ya shiga, a kuma toshe duk wata kafa. Ƙurar hunturu tana shiga tsakanin ƙarfen kwantakta ta sa ta ƙugi. Tururuwa na son ɗumin akwati, kuma tsaka ɗaya da ta kwanta a kan L1 da L2 ta isa ta tayar da wuta.

Wayar da ke tafiya gona mai jijiyoyi da yawa ce, wadda aka yi don binnewa, kowane yanki da launinsa, fara kuma bisa al'ada ita ce ta tarayya. Kaurin da bai kai milimita murabba'i ɗaya ba ya isa ga tazarar mita ɗari da 'yan kai. In nisa ya ƙaru sai a ƙara kauri, musamman na wayar tarayya da kowa ke bi. Yana da kyau a bar jijiya ɗaya ko biyu ba a yi amfani da su ba, don ranar da wata ta yanke. Mafi yawan lalacewa a mahaɗi take faruwa. Wayar da aka murɗa aka naɗe da salatif aka tura ramin bawul, kafin damina ta fita jan ƙarfenta ya zama kore ya rube. Akwai 'yan huluna masu man shafawa a ciki da ake cusa mahaɗin don kada ruwa ya same shi, su ne daidai. In yanki ɗaya ya mutu, a duba wayarsa. In duka suka mutu tare, ko duk waɗanda ke bayan wani wuri, wayar tarayya ce ta yanke.

Ɓangaren bolt 230 aikin ƙwararren mai gyaran wuta ne, kuma abubuwa biyu ba a yin rangwame a kansu inda ruwa da wuta da ƙafa ba takalmi suke haɗuwa. Na ɗaya sandar ƙasa da aka kafa da kyau, aka haɗa ta da jikin famfo da akwatin ƙarfe. Na biyu birekar da ke jin yoyon wuta, mai faɗuwa a miliamfiya 30, domin wutar da ke tsayar da zuciyar mutum ba ta kai ko kusa da abin da zai motsa bireka ta yau da kullum ba. Inda wutar layi ke yawan sauka, akwai ƙarin hatsari: an ƙera kwayil ɗin kwantakta ya kama sosai daga kashi 85 cikin ɗari na bolt ɗinsa, wato wajen 195. Ƙasa da haka sai ta yi ta karkarwa, motar ma ta ja wuta ta yi zafi. Abin gadin bolt, mai yankewa in wuta ta yi ƙasa ko sama, ya kuma jira 'yan mintoci bayan ta dawo, shi ma a kan hanyar kwayil ake sa shi. Mai fes uku ya ƙara da mai gadin faɗuwar fes, don motar da ta rasa ƙafa ɗaya cikin uku ba ta jimawa take ƙonewa.

Gwaji daga ƙarami ake fara shi, bireka a kashe. A cire wayar yanki daga na'ura a auna tsakaninta da wayar tarayya da mitar gwaji: bawul mai lafiya yakan nuna om 20 zuwa 60. Ƙasa da haka sosai, wayoyi sun haɗu ko kwayil ya ƙone. Sama da haka sosai, akwai yankewa ko ruɓaɓɓen mahaɗi. A auna tsakanin gurbin C da wayoyin babbar wuta a tabbatar ba su san juna ba. Sannan a kunna na'ura ita kaɗai, a ga bolt 24 zuwa 28 tsakanin M da C, a ji ƙaramin rile ya yi ƙas. Sai a ba kwayil ɗin kwantakta wuta, wayoyin famfo a cire, a ji ta kama da ƙara guda mai tsabta, ba ƙugi. A ɗaga makunni mai iyo da hannu, a danna maɓallin gwajin kariyar lodi, kowanne ya sa ta saki nan take. Bayan duk wannan ne ake ɗaura famfo, a buɗe yanki ɗaya, a maƙala mitar amfiya a wayarsa a gwada da lambar farantinsa. Bayan ya yi rabin sa'a yana aiki, a kashe bireka a duba kusoshin. Wanda ya yi zafi ko robar gefensa ta sauya launi bai ɗauru ba, a ƙara matse shi, a kuma sake bin su duka a farkon kowane noman rani.